Baƙon Dauro a Baƙin Allo

A gidanmu akwai sunan da ba a sake ba kowa ba. An haifi yara biyu bayan ƙanwata da ta rasu, amma har yau babu wanda ake kira Auta a cikinsu. Tana da wata bakwai a duniya ƙyanda ta ɗauke ta, a watan Maris na 2005, lokacin da sanyin hunturu ya janye, zafin bazara ya fara kankama a Katsina. Ni kuwa ina da shekara shida, kuma ni na fara kwanciya. Abin da nake iya tunawa bai taka kara ya karya ba: duhun ɗaki, domin idanuna ba sa son haske, tarin da ya hana ni barci, ƙurajen da suka fara daga bayan kunne suka gangaro har ƙafa, sai kuma muryar kakata tana gargaɗin mata su daina kiran cutar da sunanta, su ce baƙon dauro. Mako biyu bayan na kwanta, Auta ta fara zazzaɓi. Ni na tashi, ita ba ta tashi ba.

Babu wanda ya taɓa ce mini ni na kawo cutar gida. Ba sai an faɗa ba. Ni nake zuwa makarantar allo, inda muke zama kafaɗa da kafaɗa mu fiye da hamsin a zaure ɗaya, kuma ni nake dawowa in ɗauke ta in yi mata wasa. Yaro ko bai iya komai ba ya san abin da ya zo farko da abin da ya biyo baya. Da na girma sai na ɗauki wannan lissafi na adana shi a raina, ban nuna wa kowa ba. Wadda ya kamata in tambaya ita ce Inna, ni kuwa ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunana, ba ta doguwar magana da ni, in ma abinci za ta ba ni sai ta ce wa ƙanena, “Kai wa yaron nan.” Kunyar ɗan fari ado ce a wurinmu, amma ta zama mana katanga shekara goma sha takwas.

A 2023 na shiga shekarata ta ƙarshe a jami'a, ina karatun lissafi. Da aka liƙa jerin batutuwan binciken kammalawa, idona ya faɗa kan guda ɗaya: kwaikwayon yadda cuta ke yaɗuwa a cikin jama'a ta hanyar kwamfuta. Na gaya wa abokaina na zaɓe shi ne saboda ba shi da wahala. Kwamfutar da nake da ita tsohuwa ce, ta hannu, batirinta ba ya riƙe wuta fiye da minti arba'in, kuma in na buɗe wata babbar manhaja mai hotuna da maɓallai sai ta tsaya cak tana huci. Wani ɗan ajinmu ya goge mini komai ya sa Linux, ya nuna mini abin da ake kira layin umarni. Baƙin allo ne fayau, babu hoto, babu abin latsawa, sai wata 'yar sanda fara da ke ƙiftawa a kusurwa tana jira. Ka rubuta abin da kake so, ka danna, ta ba ka amsa a rubuce. In ka yi kuskuren harafi ɗaya, ta dawo maka da maganarka. Talauci ne ya kai ni wurin, amma daga baya na so shi, domin ya tuna mini da allona na ƙuruciya.

Tushen aikin ya girmi kwamfuta. A 1927 wasu masana biyu a birnin Edinbura na Sikotilan, William Kermack da Anderson McKendrick, suka wallafa lissafin da har yau ake ginawa a kansa. McKendrick likitan soja ne da ya daɗe yana aiki a Indiya. Kermack kuwa masanin sinadarai ne da ya makance a 1924 sakamakon fashewar wani abu a ɗakin gwaji, saboda haka a cikin kansa yake riƙe lissafin. Dabararsu ita ce a raba mutanen gari rukuni-rukuni, a bi yadda suke ƙaura daga wannan zuwa wancan. Su uku suka yi. Wanda ya dace da ƙyanda huɗu ne. Rukunin farko na waɗanda ba su da kariya. Na biyu na waɗanda cutar ta shiga jikinsu amma ba ta fara fita ba. Na uku na masu yaɗa ta. Na huɗu na waɗanda suka fita daga hannunta. Kamar mutum ne ya shigo ta ƙofar gida, ya ratsa zaure, ya bi tsakar gida, ya shige ɗaki, kuma ba a komawa da baya. Muhimmin abin da suka gano shi ne annoba ba ta jira sai ta cinye kowa kafin ta mutu. Tana mutuwa ne idan waɗanda ba su da kariya suka yi ƙarancin da mai cutar ɗaya ba zai iya samun wanda zai miƙa wa ba kafin ya warke.

Kafin in rubuta layi ɗaya sai da na san baƙon da zan kwaikwaya. Tun sama da shekara dubu da suka wuce likitan nan Abubakar Ar-Razi ya bambanta ƙyanda da agana a rubuce. Amma wanda ya auna tafiyarta shi ne Peter Panum, wani likita ɗan Denmak mai shekara 25, kusan sa'ana, da aka tura tsibiran Faro a 1846. Cutar ta yi shekara 65 ba ta taka tsibiran ba, da ta shiga kuwa ta kama kusan mutum 6,000 cikin ƙasa da 8,000. Panum ya bi ƙauye-ƙauye yana tambayar wa ya haɗu da wa, a wace rana. Ya gano cewa kimanin kwana 14 ne tsakanin kamuwa da fitowar ƙuraje, kuma tsofaffin da suka yi cutar a 1781 ba su sake kamuwa ba. Yau mun san mai ƙyanda yana yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito da kwana huɗu bayan sun fito. Ƙwayarta tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Cikin mutum goma marasa kariya da suka yi kusanci da shi, tara za su kamu. A garin da babu mai kariya ko ɗaya, mutum guda yana harbar 12 zuwa 18. Kwana huɗun farkon nan suka fi tsaya mini a rai: yaro yana wasa, yana zuwa makaranta, ana cewa mura ce, alhali ya riga ya zama ƙofa.

Da harshen Python na rubuta manhajar, layi bai kai ɗari biyu ba. Na sa mata suna annoba, kuma na rubuta umarninta da Hausa, tunda ni zan yi magana da ita. Unguwa na ƙirƙira mai mutum 2,000. Na ɗauki 15 a matsayin adadin da mai cutar ɗaya zai harba, kwana goma na ɓuya, kwana takwas na yaɗawa. Kowace rana ta ƙarya, kwamfuta za ta dubi duk wanda ba shi da kariya ta jefa masa ƙuri'a: ya kamu yau ko bai kamu ba. Yawan masu yaɗawa a ranar shi ke ƙara wa ƙuri'ar nauyi. Kwamfuta ba ta iya jefa ƙuri'a ta gaskiya ba. Lamba ake ba ta ta fara daga kanta, duk abin da ya biyo baya daga wannan lamba yake tsirowa. Na kira lambar iri. In ka shuka iri ɗaya sau goma, annoba ɗaya za ka girba sau goma, babu bambancin ko mutum guda. Na san haka ne bayan na kwana ina murna cewa gwajina dubu duk sun ba da amsa ɗaya, gari ya waye na ga ashe mantawa na yi ban sauya irin ba.

Da na gyara, na rubuta:

annoba --mutane 2000 --kariya 80 --iri 1

Ma'ana, kashi 80 cikin ɗari na mutanen unguwar suna da kariya, ko ta allura ko ta sun taɓa yin cutar. Saura mutum 400, galibinsu yara. Na saka mai cutar ɗaya na danna. Lambobi suka fara gangarowa, kowane layi rana guda. Kwana goma shiru. Sai uku. Bayan mako biyu, tara. Bayan wasu biyun, kusan talatin. Daga nan allon ya cika. Na maimaita da iri dubu daban-daban: a kusan 60 cutar ta mutu tun a bakin ƙofa, a sauran kuwa ta kama wajen 375 cikin 400. Na ɗaga kariya zuwa 90. Yanzu mai cutar ɗaya yana harbar ɗaya da rabi ne a matsakaici, kuma a gwaji sama da 400 abin bai yi nisa ba, amma inda ya kama, yara fiye da ɗari cikin 200 suka kwanta. Na ɗaga zuwa 95. Mutum uku, huɗu, wani lokaci goma sha, shi ke nan. Na ɗauka kuskure na sake yi, na duba har sau uku. Babu kuskure. Idan mutum ɗaya zai harbi 15, to sai an rufe sama da ƙofa 14 cikin kowace 15, wato kashi 93 da ɗan ɗori, kafin cutar ta rasa hanya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yara ɗarin da suka rage babu allura a gwajin ƙarshe. Babu abin da aka yi musu, amma kusan dukkansu sun tsira, domin an yi wa wasu.

Na kai wa malamin da ke duba aikina. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ɗora yatsa a kan rukuni na huɗu.

“Waɗannan da ka ce sun fita, ina suka tafi?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, sun daina yaɗawa.”

“Na sani. Gida suka koma ko maƙabarta?”

Na yi shiru. A wurin lissafi duk ɗaya ne, domin wanda ya warke da wanda ya rasu babu mai sake harbar kowa a cikinsu. Wata biyu ina kallon wannan rukuni ban lura ba cewa ni da Auta a layi ɗaya na ajiye mu. Ƙyanda ba ta cika kisa da ƙurajenta ba. Tana karya garkuwar jiki ne, sai ciwon huhu ko gudawa su ƙarasa, musamman ga jarirai da yaran da ba su samu abinci mai gina jiki ba; wasu kuma ta bar su da makanta. A daren na raba rukunin gida biyu.

Gyara na biyu da ya ba ni ya fi wannan wuya. Ya ce unguwata ta ƙarya kamar gari ce a cikin ƙwarya, kowa yana gogar kowa daidai wa daida, alhali mutane a gidaje suke kwana, kuma ba kowane wata suke cunkushewa ba. Ya tura ni in karanta binciken da aka yi a maƙwabtanmu. A 2008 Matthew Ferrari da abokan aikinsa suka nuna a mujallar Nature cewa ƙyanda a Yamai tana tashi da ƙarfi da rani, ta faɗi warwas da zarar damina ta sauka. A 2011 Nita Bharti da nata abokan aikin suka yi amfani da hotunan hasken dare da tauraron ɗan Adam ya ɗauka a Yamai da Maraɗi da Damagaram, suka ga haske yana ƙaruwa a lokacin da cutar ke ƙaruwa. Dalili kuwa shi ne bayan an cire amfanin gona mutanen karkara suna kwararowa birni, da ruwa ya sauka su koma. Na yi murmushi ni kaɗai, domin Maraɗi tana nan arewa da mu, kuma abin da suka hango daga sama kakata ma ta san sunansa: cin rani. Na koma na raba mutanena 2,000 zuwa gida 250, kowane gida mutum takwas, na ba kowa shekaru, na sa ƙuri'ar cikin gida ta fi ta waje nauyi.

Daga nan ne na yi abin da bai shiga rahotona ba. Na ɗauki gida na 41 na zuba mu a ciki: Baba, Inna, kakata, Baffa da matarsa, ɗansu ɗaya, yaro mai shekara shida marar allura, da jaririya 'yar wata bakwai. A Najeriya sai yaro ya kai wata tara ake yi masa allurar ƙyanda ta farko, domin kafin nan kariyar da ya gado daga uwa tana iya hana allurar kamawa, ko da yake kariyar takan yi rauni tun kafin lokacin ya cika. Auta a wannan tsakanin ta faɗa. Na ƙara wani umarni da na kira cire, wanda ke ɗauke mutum ɗaya daga unguwar kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Na bar kariya a 80, na gudanar da gwaji dubu ina cikin gidan. Jaririyar ta kamu a kusan 860. Na cire kaina na sake. Ta kamu a kusan 740, ta hannun ɗan Baffa ko ta wani baƙo. Na zauna ina kallon lambobin biyu har batir ya mutu. Na zo neman ɗayan biyu ne, ko a wanke ni ko a kama ni, sai aka ba ni 120.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai irin da na fi komawa kansa, 317. In na shuka shi ina gidan, a rana ta 62 nake kamuwa, ita kuma ta biyo ni bayan mako biyu. In na cire kaina, cutar ta ratsa gidan da ke damanmu da wanda ke hagunmu, ta wuce. Layi bayan layi lambarta tana nan a rukunin farko har rana ta 200, inda manhajar ke tsayawa. Na ƙirga a yatsa: da ta kusa wata goma sha huɗu, da ta fara dafa bango tana takawa. Nakan kai kwamfutar wurin mai cajin waya da yamma don kawai in dawo in kalli wannan da dare. Mun taso muna jin malamai suna hana mu yawan faɗin “da”, da na yi kaza da kaza bai faru ba, domin ƙofa ce da Shaiɗan ke shiga ta ita. Ga shi ni da hannuna na ƙera injin da ba ya komai sai faɗin “da”, sau dubu a minti uku. Na san kuma cewa 80 ɗin nan ƙiyasina ne kawai, kuma in na ɗan taɓa nauyin ƙuri'ar cikin gida 120 ta koma 60 ko 200. Sanin hakan bai hana ni komawa ba.

Da hutun tsakiyar zango na je gida. Wani dare aka kawo wuta, ina zaune a ɗakin zaure lambobi suna gudu, sai na ji motsi. Inna ce da kanta ta kawo tuwo, domin yaran sun yi barci. Ta ajiye kwanon, ta kalli allon, ta yi magana tana fuskantar bango kamar yadda ta saba.

“Wannan karatu ba ya ƙarewa ne? Mene ne yake ta zuba haka?”

Na ce, “Ƙyanda ce, Inna. Ina duba yadda take bin gidaje.”

Na zaci za ta fita. Sai ta zauna a dokin ƙofa, ta gyara mayafinta. Ta daɗe ba ta ce komai ba.

“Sau biyu na goya yaron nan zuwa asibiti da ya cika wata tara,” in ji ta, har yanzu bango take yi wa magana. “Ranar farko suka ce ba mu da yawa. Wai kwalbar ta yara goma ce, in an buɗe ba a ƙarar ba zubarwa ake yi. Mu uku ne. Na koma wani makon, mu huɗu. Suka ce mu dawo. Sai damina ta sauka, mahaifinsa ba ya gari. Ban koma ba.”

Na san abin da take nufi. Allurar ƙyanda gari ce a cikin kwalba, ana haɗa ta da ruwanta, in ta yi awa shida ba a yi amfani da ita ba sai a zubar.

Ta ci gaba: “Kuma ni na goya ta zuwa gidan suna, kwana goma kafin ta kwanta. Akwai wani yaro a ɗakin yana ta tari, idanunsa jajur. Na gan shi. Na zauna har la'asar.”

Na ce, “Inna, ni duk shekarun nan na ɗauka ni ne.”

Ta juyo. Ban taɓa ganin ta kalle ni ido cikin ido haka ba.

“Kai wa? Kai da kake kwance ba ka san inda kanka yake ba?”

Ban san abin da zan ce mata ba, saboda haka na yi abin da na iya. Na jawo kwamfutar kusa da ita. Na bar yaron nan a gidansa, babu allura, kamar yadda yake. Na bar jaririyar tana fita duk inda aka goya ta. Abu ɗaya na sauya, na mai da 80 ta koma 95, na danna. Da ya gama na karanta mata: cikin dubu, jaririyar ba ta kamu ba sai a ƙasa da hamsin.

“To wa ya tsare ta, tunda ba a yi mata ba, shi ma ba a yi masa ba?”

Na ce, “'Ya'yan maƙwabta. Cutar ba ta samu hanyar isowa gidan ba.”

Ta yi shiru tana kallon sandar da ke ƙiftawa. Can ta ce, “Ashe allurar ɗan wani ma taka ce.” Ta miƙe, ta ce tuwon zai huce, ta fita.

A watan Disamba na 2005 aka yi babban gangamin allurar ƙyanda a jihohin Arewa, na yara daga wata tara zuwa shekara goma sha huɗu. Wata tara ke nan bayan an binne Auta. Wannan ma wani “da” ne, kuma in mutum ya bi su ba za su ƙare ba: da an buɗe kwalba, da an koma sau na uku, da ba a je suna ba, da an yi gangamin da wuri. Ni da Inna kowa ya ɗauki ɗaya ya goya shi kaɗai, alhali unguwa ce gaba ɗaya take a buɗe. Na tuna labarin da muka koya a Islamiyya, na Sayyidina Umar da ya nufi ƙasar Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa, ya kuma bayyana cewa juyawar ita ma ba ta fita daga ƙaddarar Allah ba. Shi gaba yake kallo. Hausa ta ba mu kalma biyu, “da” da “idan”. Ta farko tana magana ne a kan abin da ya riga ya rufe, shi ya sa aka ce da na sani ƙeya ce. Ta biyun tana da sauran wurin sa hannu. Na goge umarnin cire daga manhajar kafin in miƙa aikina. A madadinsa na sa wanda ke tambaya: idan allurar wata tara tana kama kusan yara 85 ne kawai cikin ɗari, me zai faru in ba a dawo an yi ta biyu a wata goma sha biyar ba? Amsar ta cika babi guda. Ko an yi wa kowane yaro ta farko, ragowar suna taruwa shekara bayan shekara har su isa a yi annoba da su.

Bayan na kammala na dawo gida ina jiran kiran bautar ƙasa, autar matar Baffa ta cika wata tara. Daren da za a kai ta, bayan sallar Magariba, Inna ta yafa mayafi ta fita, abin da ba ta saba ba. Gida-gida ta bi a layinmu da na bayanmu tana tambayar wa ke da ɗan wata tara, wa ke da wanda aka yi wa ta farko ba a koma ba. Da safe na fito na tarar da zaurenmu cike da mata da goyo. Ta aiko ƙanena ya ce in nemo a-daidaita-sahu uku.

A asibitin, Inna ta tsaya gaban teburin ma'aikaciyar ta ce, “Mu goma sha ɗaya ne. A buɗe.”

Ma'aikaciyar, wadda ba za ta girme ni ba, ta yi dariya ta ce, “Mama, ai ƙa'idar ita ce ko yaro ɗaya ne ya zo a buɗe masa.”

Inna ta ce, “Na ji. Amma mun riga mun zo.”

Kwalba biyu aka buɗe. Na zauna a benci a waje ina jin kukansu yana tashi ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirgawa ba tare da na yi niyya ba. Da muka dawo gida ta karɓi katin jaririyar ta miƙo mini da hannunta, ba ta hannun kowa ba, ta ce in duba ranar komawa. Na karanta mata. Ta ɗauko gawayi daga murhu ta ba ni, ta nuna bangon zaure, daidai inda duk mai fita zai gani.

“Rubuta da girma,” in ji ta.